Ɗigo Ashirin

Ƙarfe biyun dare a Valparaíso.
Jiragen ruwa na hamma a tasha,
ni kuwa ina ƙasan asibiti, inda babu taga,
sai firji mai nishi da fitila mai sanyi.

Nélida ta sauko a guje, kwalabe uku a tafinta,
da ɗuminsu, kamar ƙwan da aka zaro ƙarƙashin kaza.
"Gado na tara," ta ce. "Baldomero Cárcamo,
mai ɗinkin taru a bakin teku.
Kwana biyu yana zazzaɓi.
Wai gidansu ƙaurin roba yake,
alhali ba kome a kan wuta.
Da magariba ya dubi Fresia, matarsa ta shekara talatin,
ya tambaye ta ko kuɗin lantarki ta zo karɓa."

Na ɗaga kwalba ga haske.
Ruwan laka, garau kamar hawaye.
An naɗe mutum, gwiwa ga haɓa,
an tatso shi ta tsakanin ƙasusuwan baya.
Ruwa mai tsabta haka, wa zai zarge shi?

Ƙarƙashin madubi na ƙirga
fararen ƙwayoyi tamanin da huɗu,
da jajaye 'yan kaɗan da suka ɓato hanya.
Furotin ya hau. Sukari bai motsa ba.
Babu bakteriyar da ta karɓi rini.
Amma ruwa ba ya tsami banza.

Malamina, tsoho Araneda, yakan ce a zamaninsu
sai an huda ƙoƙon kai an gutsuro ƙwaƙwalwa,
ko a shuka ruwan a zauna jira,
ya ƙi tsirowa, mai shi kuma ya tafi.
Mu yau muna da na'ura mai maimaita magana.
Ka ba ta raɗa guda, ta mai da ita biyu,
biyu huɗu, huɗu takwas,
ta dafa, ta huce, ta dafa, ta huce,
har sau arba'in,
sai raɗar ta zama ihu.

Wanda nake nema na san shi.
Shi ne mai barin ƙurji a gefen leɓe bayan zazzaɓi,
ya koma cikin jijiya ya kwanta shekara da shekaru,
rana ɗaya ya farka, ya saki hanyar leɓe,
ya haura sama, ɗakin da ake ajiye sunaye.

Asuba ta yi. Layi ya miƙe shafal a allo.
Babu.

Na kira Likita Ilabaca, muryarta duk gajiya.
"To, in cire masa maganin?"
Na ce a'a, ki bar shi yana ɗiga a jijiya.
Mun yi sammako ne, ɓarawon bai bar sawu ba tukuna.
Kifi na ganinka, mai jar koma.
A ba ni wani ruwan bayan kwana huɗu.

Kwana huɗu ina hawan tudu zuwa gida,
ina wanke kwano, ina shanya rigar ɗiyata,
layin nan yana kwance a idona.

Ranar Juma'a aka sake naɗe shi.
Ɗigo ashirin.
Zagaye na ashirin, shiru. Na ashirin da takwas, shiru.
Shayina ya huce.
A na talatin da ɗaya layi ya ɗaga kai
kamar maciji ya ji taku,
ya hau, ya hau.
Na duba kwalbar shaida, na sake dubawa,
sannan na sa hannu.

Ban taɓa ganin fuskar Baldomero ba.
Lamba ce a wurina, da ruwa cokali guda.
Nélida ta ce mini, bayan mako uku,
ya kira Fresia da sunanta.
Sunayen kifaye ne ba su dawo ba,
amma da aka ɗora masa zare a cinya,
yatsunsa suka kama ƙulli
ba su tambayi kowa ba.